Hawan jini da ciki wata 7: a kai ta gida ta haihu ko a bar ta Kumasi?

Maman Ridwan (Aboabo): Salamu alaikum jama'ar gida, don Allah shawara nake nema kuma abin na gaggawa ne. Matar ƙanena ce, cikin fari, wata 7. Jiya ta je awo aka gwada jininta 150/100, aka ce ta zauna ta huta aka sake gwadawa bai sauka ba, fitsarin ma sun ce akwai abu a ciki, sai suka ba ta magani da takarda ta wuce Gee, wato babban asibitin Komfo Anokye na nan Kumasi. Ƙafa ta kumbura silifas ba ya shiga, zoben hannunta sai da sabulu aka cire. To matsalar ita ce uwarta ta matsa a sako ta mota ta je goyon ciki ƙauyensu can wajen Yagaba, shi kuma mijin da ya ji an ce Gee gabansa ya faɗi wai yanka ta za a yi, don haka ya fi karkata ga maganar surukarsa. Ni dai hankalina bai kwanta ba

Hajiya Magajiya: Wa alaikumus salam 'yata. Haihuwar fari ai a gaban uwa ake yi, haka muka taso muka gani. Ni ɗin nan daga Kumasi aka kai ni Salaga na haifi yayanku, babu abin da ya same ni. Kumburin ƙafa kuma ba sabon abu ba ne ga mai ciki, wani lokaci ma tagwaye ne ko ɗa namiji. Ku yaran yanzu komai asibiti komai allura

Anti Nas: Hajiya ina kwana, a gafarce ni zan ɗan saɓa miki a nan. Kumburin ƙafa shi kaɗai gaskiyarki ne, mata da yawa suna yi kuma lafiya lau. Amma jini ya kai 140/90 ko ya wuce bayan ciki ya shige sati 20, ga furotin a fitsari, wannan shi ne ciwon da ke kai mace ga jijjiga, wanda wasu ke cewa taune-taune. Daga mabiyiya yake tasowa, jijiyoyinta ba su kama mahaifa yadda ya kamata ba tun farkon ciki, shi ya sa ba ya warkewa sai an raba ta da cikin. Magani yana riƙe jinin ne kawai don a ja lokaci yaro ya ƙara ƙwari. Kuma masu cikin fari da masu tagwaye su ya fi kamawa, kin ga ko tagwayen ne ma sai dai tsoron ya ƙaru. Maman Ridwan kar yarinyar nan ta hau motar Arewa. Takardar da aka ba ta, yau za a kai, ba gobe ba

Baban Zainab direba: Ni ba likita ba ne amma hanyar nan ita ce abincina, Kumasi zuwa Bolga nake ja. Daga nan zuwa Tamale kusan kilomita 380, ka bi Techiman ka bi Kintampo ka haye Buipe, sannan ga wata sama da 100 kafin Walewale, daga nan kuma ka sauka daga kwalta ka nufi yamma. Yankin Yagaba ai ba banza ake ce masa Obasis, wato ƙetaren ruwa, ba, damina ta yi nisa Burkina su buɗe dam ɗin Bagre wajen Agusta ko Satumba ruwa ya cika ko'ina wasu ƙauyukan sai da kwalekwale. Mace ta fara jijjiga ƙarfe 2 na dare a irin wannan wuri wa zai fito da ita, a kan babur?

Malam Awudu (Asawase): Rai dai a hannun Allah yake Baban Zainab, a Gee ɗin ma ana mutuwa, kai in ka duba ma kamar an fi mutuwa a manyan asibitocin, duk wata jana'izar mai jego da na yi wa salla a unguwar nan daga babban asibiti aka kawo gawar, ban taɓa jin an kawo daga ƙaramin kilinik ba

Anti Nas: Malam barka da war haka. Abin da ka gani gaskiya ne amma dalilinsa daban. Ƙaramin kilinik ba ya riƙe mace in ta rikice, turo ta yake yi, wadda aka ajiye a gida tana fama da ciwon kai kwana biyu, aka kai ta wajen mai magani, aka kai ta kilinik, aka nemo mota, sai ta iso babban asibiti ƙoda ta riga ta tsaya ko jini ya fashe a ƙwaƙwalwa, ta cika a can a rubuta sunan can. Binciken da aka yi a babban asibitin Korle Bu na Accra da nan Gee duk ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen kashe masu ciki a waɗannan asibitocin, ya ma wuce zubar jini, saboda su ne ƙarshen hanya, daga ko'ina ake kwararo musu. Ita kuma wadda ta rasu a ƙauye kafin a samu mota ba ta shiga littafin kowa ba, an dai ce iska ce ta buge ta an binne

Malam Awudu (Asawase): To wannan na fahimta. Maganar iska kuwa ni kaina ina faɗa a wa'azi, mai ciki ta faɗi tana karkarwa a yi mata addu'a a cikin mota ana tafiya, kar a shimfiɗa tabarma ana jiran a nemo mai ruƙiyya

Adiza 'yar Bolga: Don Allah ku daina maganar Arewa kamar duk daji ne babu asibiti, abin yana min ciwo. Mu a Upper East tsarin CHPS a wajenmu aka fara shi, Navrongo, tun shekarun 1990 kafin ya zama na ƙasa baki ɗaya, nas tana zaune cikin gari da babur ɗinta tana bin gida gida. Ni a can yankinmu na haifi yarana biyu kuma awon da aka yi min ya fi na nan natsuwa, a nan layi kawai sai ka yini

Anti Nas: Adiza ban musa miki ba, a yankinku na fara aiki kafin a dawo da ni Kumasi. Kuma alƙaluma suna bayanki: binciken lafiya na ƙasa na 2014 ya nuna a Upper East sama da mata 80 cikin 100 a asibiti suke haihuwa, Greater Accra sama da 90, amma tsohuwar jihar Northern, wadda a lokacin Walewale da Yagaba ke cikinta kafin a fitar da North East, wajen 35 ne kacal. Maƙwabtan juna ne fa, talauci kusan iri ɗaya, rana iri ɗaya, amma ɗaya an kai ma'aikata ƙofar gida ɗaya ba a kai ba. Don haka in aka ce Kudu da Arewa kawai an yi kuɗin goro. An samu ci gaba sosai daga lokacin zuwa yanzu, wannan ma a faɗa.

Sai dai ki lura da abu ɗaya. CHPS zai gwada jini, zai duba fitsari in tsinken gwajin bai ƙare ba, ungozoma in akwai ta za ta iya yin allurar farko ta magniziyam mai hana jijjiga ta rubuta takarda. Amma ba ɗakin tiyata, ba wajen gwajin hanta da ƙoda, ba kwalbar saka bakwaini. Yarinya mai wata 7 da wannan ciwon tana iya kaiwa inda dole a ciro yaron cikin awoyi kaɗan, kuma yaron zai buƙaci kwalba da iskar oksijin. Abin da ke raba wadda za ta tashi da wadda ba za ta tashi ba shi ne tsawon lokacin da ke tsakanin tashin jinin da isa hannun wanda zai iya yin waɗannan abubuwan. A Aboabo pragiya ce, keke mai ƙafa uku, ta kai ka Bantama inda Gee yake. A can kuwa a nemo babur ko motokin mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, a isa asibitin gunduma, in ya fi ƙarfinsu a ce Nalerigu ko Tamale

Adiza 'yar Bolga: Eh to wannan kam haka ne, likitocin mata yawancinsu Accra da Kumasi suka taru, an tura mutum Arewa sai ya yi ta neman hanyar dawowa

Rabi Nima: Hmmm ku da kuke ganin birni aljanna ce ku zo Accra ku gani. Ƙanwar maigidana jininta ya hau da dare ciki wata 8 muka ɗauki tasi, asibiti na farko suka ce ba gado, na biyu ba gado, ko fitowa daga motar ba a bari ta yi ba, tana riƙe da kai tana cewa idonta yana ganin walƙiya, sai a na uku wata nas Allah Ya yi mata albarka ta ce a shigo da ita ko a kujera ne, a zaune a benci aka ɗaura mata ruwa aka yi allurar. Ta tashi, yaron bai zo da rai ba. Asibiti kusa ne amma samun gado wani abu ne daban

Maman Ridwan (Aboabo): Innalillahi Allah Ya ba ta mai albarka Anti Rabi. Wallahi jikina ya yi sanyi, ita ma ta ce min shekaranjiya kanta yana sarawa ta sha farasitamol

Anti Nas: Maman Ridwan ajiye wayar ki je gidan yanzu. Ki tambaye ta waɗannan: ciwon kai da ba ya jin magani, gani dishi-dishi ko walƙiya a ido, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko saman ciki kamar gyambon ciki, amai, fuska da hannu su kumbura farat ɗaya, numfashi sama-sama, yaro ya rage motsi. Ko ɗaya ta ce eh ba maganar jiran asuba. In lamba ta kai 160/110 kuwa ko tana dariya tana cin waakye gaggawa ce. Ku tafi da takardar da littafin awo, mai takardar turawa ya fi saurin samun shiga

Fati Bronx: Gaisuwa ga iyaye. Ina karanta ku daga wajen aiki. Kar ku ɗauka a nan ma an gama da matsalar, a Amurka baƙar mace ta ninka farar mace wajen sau 3 a haɗarin mutuwa ta dalilin ciki da haihuwa, hukumar lafiyarsu ce ke faɗa ba ni ba, kuma har masu kuɗi da ilimi abin bai bari ba. Allyson Felix mai tseren nan da ta tara lambobin zinare a Olamfik wannan ciwon ne ya kama ta a 2018, a sati 32 aka yi mata tiyatar gaggawa. Bambancin a nan na ga da an sallame ki sai a ce ki riƙa gwada jini a gida, wasu wuraren har na'urar suke bayarwa, a kira ki a waya a tambayi lamba

Sulley Tafo: To kenan ciwon baƙaƙe ne, a jininmu yake, me za a yi

Anti Nas: Sulley ɗana akwai ƙarin haɗari ga baƙar fata da wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta taɓa yi, amma kamuwa daban mutuwa daban. A Ingila ma mata suna kamuwa da shi da yawa, baƙaƙe da farare, amma rahoton da suka fitar a 2016 ya ce cikin mata miliyan ɗaya da suka haihu wadda wannan ciwon ke kashewa ba ta kai ɗaya ba. A duniya baki ɗaya kuma hukumar lafiya ta duniya WHO a 2014 ta ce kusan 14 cikin 100 na mutuwar masu ciki hawan jini ne. Mu a Ghana binciken 2017 ya ba mu mata 310 cikin haihuwa 100,000 in an haɗa duk dalilai. Kuma ba wani magani mai tsada suke da shi da ba mu da shi ba, magniziyam salfet ɗin nan ne mai araha, wanda babban gwajin da aka yi a ƙasashe 33 kan mata wajen 10,000 aka fitar a 2002 ya nuna yana rage jijjiga da fiye da rabi. Nifedifin da Aldomet ma ga su nan a kowane kemis. Su dai ana gano shi da wuri ne kuma ba a tsayawa neman kuɗin mota ko jiran izinin wani

Baban Zainab direba: Kuɗin mota kam! an raba motocin asibiti 307 a farkon 2020 aka ce kowace mazaɓa da tata, ana kiran 112, amma mazaɓar Asawase da mazaɓar Yagaba ai ba faɗinsu ɗaya ba, mota ɗaya ta tafi Tamale da mara lafiya sai wanda ya biyo baya ya jira

Adiza 'yar Bolga: Akwai jiragen Zipline ɗin nan marasa matuƙi ma, suna da tasha a Vobsi kusa da Walewale, suna jefa jini da magani a ƙananan asibitoci

Baban Zainab direba: Jirgin yana kawo magani Adiza amma ba ya ɗaukar mai naƙuda 😂

Hajiya Magajiya: To na ji duk bayananku. Amma ku faɗa min gaskiya, ba don a samu kuɗin yanka ba ne ake tsorata yaran mutane? Yanzu kowace yarinya sai ka ji an yi mata aiki. Kuma in aka hana ta zuwa wa zai yi mata wanka wa zai gasa mata jiki, mijin?

Anti Nas: Hajiya tun 2008 mai ciki kyauta ake mata rajistar inshora kuma tiyatar haihuwa tana cikin abin da katin ya ɗauka. Ban ce ba a kashe ko sisi ba, wani lokaci a rubuta maka magani ko gwaji ka fita waje ka biya, duk mun sani. Amma ba kowace mai hawan jini ake yanka ba, in jinin ya kwanta yaro lafiya ana lallaɓawa har wajen sati 37 a sa mata maganin naƙuda ta haihu da kanta. In an ga dole a ciro da wuri akwai allurar da ake yi don huhun yaron ya nuna, kuma Gee suna da sashen uwa da jariri da aka buɗe a 2018. Wanda ya ƙi zuwa da wuri don tsoron wuƙa shi ne ya fi kusa da wuƙar

Ummi 'yar Zariya: Hajiya tunda kin tabo wanka bari in sa baki. A wajenmu mai jego wankan tafasasshen ruwa da ganye safe da yamma har arba'in, a kwanta kan gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi, ga kunun kanwa kullum. Likitocin asibitin koyarwa na Zariya tun shekarun 1970 suka yi rubutu kan yadda ciwon zuciya ya yi yawa ga masu jego a yankin suka danganta shi da wannan zafin da gishirin kanwa. Da na zo Kumasi na ga nan ma ana gashi sosai. Ni dai mai hawan jini ba zan ba ta kanwa ba ko uwata ce ta dama

Anti Nas: Allah Ya biya ki Ummi. Kuma mutane su sani sauka ba ita ce ƙarshe ba, jini yana iya tashi kwana 3 zuwa 6 bayan haihuwa, daidai lokacin da gida ya cika ana shirin suna ana soya nama ba mai kallon mai jego, ta ce kaina a ce rashin barci ne. Har sati 6 ana sa ido. Sai kuma kalgutim da ake ba mata a Arewa don naƙuda ta yi sauri, da maganin zaƙi da ake jiƙawa a nan, don Allah a bari, ba wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin kofin

Sulley Tafo: Anti to in ta daina cin kifin gishiri irin su koobi da momoni da kuma magi ba shi kenan ba? babana da gishiri aka hana shi jininsa ya sauka, maganinsa ma yana nan lisinofiril ko a ba ta

Anti Nas: KAR a ba ta!! Sulley irin wannan maganin da su losatan suna lalata ƙodar yaro a ciki, ba a ba mai ciki sam. Duk macen da take shansu tun da can, da ta ga ciki ta je a canza mata. Gishiri kuma rage yawansa yana da kyau ga kowa amma ba ya hana wannan ciwon, na babanka daban nata daban. Abin da aka tabbatar yana rage haɗari shi ne ƙaramin asfirin da likita ke rubuta wa wadda ake tsoron za ta kamu tun wajen sati 12, da ƙwayar kalsiyam ga waɗanda abincinsu ba shi da ita sosai. Shi ya sa zuwa awo da wuri yake da amfani, WHO ma tun 2016 ta mai da shi sau 8 maimakon 4. Mu kuma a zango sai ciki ya fito fili ake zuwa wai kar a yi baki

Rabi Nima: Ku tuna da yaran nan 'yan kayayo ma. 'Yan Arewa ne amma a tsakiyar birni suke, yarinya da ciki tana ɗauke da kwano a Kejetia ko Makola tana kwana a barandar shago, asibiti ga shi tana hango shi amma ba kati ba yare kuma yinin da ta je awo ba ta da na abinci

Adiza 'yar Bolga: Wallahi kuwa, kuma in ciki ya tsufa sai ta hau mota ta koma ƙauye ba littafi ba komai, nas ɗin can ba ta san tarihinta ba sai dai ta gan ta ranar naƙuda

Baban Zainab direba: Hajiya ga mafita kan maganar wanka, maimakon a kai yarinya wajen uwa a kawo uwar wajen yarinya. Jibi ina dawowa daga Bolga, su fito da ita Walewale in ɗauko ta, kujerar gaba, ban karɓi ko pesuwa ba

Hajiya Magajiya: Suruka ta tare a gidan suruki? kai Baban Zainab ba ka da ta ido. Sai dai ta sauka a wajena, ɗakin baƙi yana nan, a yi wankan a gidana in ga yadda za a hana ni gashi

Malam Awudu (Asawase): Shi mijin ku turo min lambarsa ta bayan fage zan yi masa magana bayan azahar. Kuma tunda azumi ake ta tambayata a kai duk shekara, mai ciki da ke tsoron lafiyarta ko ta abin da ke cikinta an yi mata rangwame ta sha, balle wadda ke kan magani safe da dare

Fati Bronx: Shawara, kuɗin adashin mata na wannan watan me zai hana a cire a sayi na'urar gwada jini guda biyu a ajiye a unguwa, duk mai ciki ko mai jego ta riƙa leƙawa. Ni zan turo nawa ta momo a waya

Anti Nas: Na goyi baya amma a sayi ta dantse ba ta wuyan hannu ba, kuma a nemi mai babban maɗauri don matan zango masha Allah akwai dantse, ƙaramin maɗauri a babban hannu lambar ƙarya yake bayarwa ta yi sama. A zauna minti 5 tukuna, baya a jingine, ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba surutu, a rubuta lamba da rana a bayan littafin awo. Kuma ba madadin zuwa awo ba ce. Ranar Lahadi bayan la'asar zan zo in koya wa mutum biyu ko uku

Sulley Tafo: Gobe zan shiga Adum in tambayo kuɗinta

Hajiya Magajiya: Ɗaya a ajiye a gidana tunda nan kowa ke zuwa. Amma ku ji da kyau batir ba ni zan riƙa saya ba, kuma maza kar in ga ƙafarku kun zo gwada naku